Mutumin da Ke Yi wa Mai Lalle Tunani

Kwanakin baya wani saurayi daga cikin masu rubuta labari a waya ya same ni a gareji ina kwance kafireto. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, littafin leƙen asiri nake so in fara." Jarumin ne ke ba shi wuya, in ji shi, amma mugun tuni ya gama da shi: ya ba shi bindiga, ya ba shi tabo a kumatu, ya ba shi dariya mai ban tsoro. Na ce masa ya jawo benci. Abin da na faɗa masa ranar shi zan rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ke ganin abin da sauƙi ba.

Sunana Sule, bakaniken babur ne ni a nan Daura, kuma har yau ban bar sana'ar ba. Karatun allo na yi shi ina yaro, amma boko sai da na aje iyali na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda ake yi bayan la'asar a wata firamare kusa da unguwarmu. Malaminmu, Malam Haruna, mutum ne mai haƙuri. Hannuna ya saba da sifana, in na kama fensir sai in danna shi har ya huda takarda. Yakan ce, "Sule, ba noti kake ɗaurewa ba, sassauta." Da na fara haɗa baƙi, sai na koma karanta wa abokan aiki ƙananan littattafan nan da ake kawowa daga Kano, ina tuntuɓe suna jirana. Dama tun can ni ne mai ba da labari a garejin. In aiki ya yi sanyi akan ce, "Sule, kawo mana ƙarya." Malam Haruna ne ya ce ƙaryar da nake zubarwa a ƙasa in riƙa zuba ta a takarda.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma ba su canza ba: littafin rubutu irin na 'yan makaranta, shuɗin biro, da wani guntun katako da nake ɗorawa a cinya. Kafin in taɓa takarda sai na wanke hannu da fetur, sannan da sabulu, in ba haka ba kowane shafi zai fita da shaidar yatsana ta baƙin mai. A wancan lokacin in na gama, sai in kai wa wata mata mai tafireta a bakin kotu ta buga, ita ke saka mini aya inda na manta. Daga nan sai Kano, wurin Alhaji Mudi mai shagon littattafai, shi ke kai wa maɗaba'a, shi ke raba wa masu sayarwa.

Littafina na farko a kan Jamilu ne, jami'in sirri na gwamnati da aka turo iyaka ya gano masu shigo da makamai ta wajen Kongolam. Na yi masa komai: ya iya Faransanci, ya iya babur, ba ya shan taba, sallar jam'i ba ta wuce shi. Mugun kuwa irin na saurayin nan ne sak, har tabon. A babin ƙarshe Jamilu ya harbe shi ya faɗa rijiya.

Da littafin ya fito, na ɗauki ɗaya na kai wa Ifanyi. Ifanyi Ibo ne, Kirista, mai shagon kayan gyaran babur a tsallaken titi daga garejinmu. Yana ƙarami aka kawo shi Daura koyon kasuwanci, a nan ya girma, a nan ya yi aure, Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu. Kullum muna tare, kullum muna faɗa a kan fulogi da ringi: in ce jabu ne, ya ce hannuna ne jabu. Washegari na shiga sayen sarƙa, ya turo mini littafin a kan kanta.

"Malam Sule, na karanta. Jamilunka ba laifi. Amma wannan mugun naka, a ina ka samo shi? Gidan mahaukata?"

"Me ya yi?"

"Mutum zai shigo da bindigogi, sai ya bi ta gaban kwastam da rana tsaka, da baƙin tabarau, yana dariya? Ko buhun shinkafa ba a shigowa da shi haka. In da ni ne, ko sunana Jamilu ba zai ji ba."

"To in da kai ne, yaya za ka yi?"

"In da ni ne, ba zan zama mutumin da ake gudu ba. Zan zama wanda ake gaisarwa a durƙushe. Jawo kujera."

Daga wannan zaman aka haifi Alhaji Mai Lalle. Dillalin shanu ne a kasuwar Mai'aduwa, dattijo mai gemu ja da lalle, mai magana a hankali. Ba ya riƙe bindiga. In ya fasa goro sai ya miƙa wa na kusa da shi rabi, ko da wanda zai sa a ɓatar ne. Kuma yana da dalilinsa, don Ifanyi ya ƙi yarda mu ci gaba sai da muka samo masa dalili. Kakanninsa sun yi fatauci tsakanin Daura da Damagaram tun ba a ja layin iyaka ba, don haka a ganinsa gwamnati ce baƙuwa a hanyar, ba shi ba. Ban ce yana da gaskiya ba, makaman da yake shigowa da su mutane suke kashewa. Amma mai karatu in ya ji shi yana magana, yakan ɗan yi shiru kafin ya tsine masa.

Ga yadda muke aikin. Ni ne Jamilu, Ifanyi ne Mai Lalle. In na tsara tarkon da Jamilu zai ɗana, sai in tsallaka titi in faɗa masa iya abin da Mai Lalle zai iya gani ko ji, ban da abin da ke cikin Jamilu. Shi kuma ya yi ta juya abin yana sallamar masu saye, wani lokaci har a kwana, sannan ya leƙo ya ɗago mini hannu. Sharaɗi ɗaya muka yi: abin da Mai Lalle zai yi, Ifanyi ne mai faɗa, kuma in ya faɗa ba ni da ikon sokewa. In ya kuɓuce, ya kuɓuce, sai in koma in nemo wa Jamilu wata dabarar.

Aikin da ba na mantawa shi ne na littafi na biyu. Jamilu ya samu labarin cewa Mai Lalle na da rediyon oba-oba da yake magana da mutanensa na tsallake. Na sa Jamilu ya bincike rumfarsa ta kasuwa, ya bincike garken, ya shiga ƙarƙashin motar shanu da tocila. Duk inda na faɗa, Ifanyi ya girgiza kai. Da na gaji na ce, "To ina ka kai ta?"

"Tana ɗakin uwargida, bayan jeren kwanuka."

"Ai sai ya shiga ya ɗauko."

"Wa? Jamilu? Yaron da ka ce in zai gaida dattijo sai ya cire takalmi? Ni shekara nawa ina zuwa gidanka, na taɓa wuce zaure? Ka sa shi ya haura katangar matan aure ka gani, in matan da ke karanta littafinka za su ƙara kallonsa."

Gaskiya ya faɗa. Na yi kwanaki ina gyaran babura Jamilu na tsaye a zaure ya rasa abin yi. Ran nan na koma gida cin abincin rana, ina wanke hannu sai ga wata dillaliya da ƙullin atamfofi a ka. Ta yi sallama ta wuce ni ta shige ciki, ko kallona ba ta yi ba, ni ma ban tambaye ta ba. Na bar tuwon na ɗauko biro. Haka Inna Tabawa ta shigo labarin, tsohuwar dillaliya da ta zama idon Jamilu a cikin gidaje. Da na kai wa Ifanyi, ya dafe kai ya ce, "Ka ci ni. Amma rediyon kawai ka samu. Ni na tsallaka Nijar tun da asuba, raka shanu."

A nan na gane abin da nake so ku gane. Abokin karawa ba ƙarfi ya kamata ya fi jarumi ba, saninsa ya kamata ya yi. Mai Lalle bai taɓa cin Jamilu da wani mugun halin Jamilu ba, da kyawawan halayensa yake cin sa: kunyarsa, girmama manya, cika alkawari. Shi ya sa in sun kara, mai karatu ke ƙara sanin su biyun.

Masu karatunmu kuwa ba su da wasa. Direbobin tasha, masu shayi da ke ba da hayar littafi, matan aure da ke aika a karɓo musu, har ma'aikatan iyaka da ke zaune a inuwa suna jiran mota. Wani direban Mashi, Ɗan Asabe, ya taɓa tsayar da motarsa cike da fasinja a ƙofar gareji don kawai ya faɗa mini cewa a littafin baya da hagu Mai Lalle ke miƙa goro, yanzu na sa shi da dama. Na duba, haka ne. Na ba shi haƙuri, fasinja na ta zaginsa. Tun daga ranar, in zan fara sabon littafi sai na sake karanta tsofaffin. Mugun da zai riƙa dawowa, mutane sun san shi kamar maƙwabcinsu, ba ka isa ka canza masa hali don ka samu sauƙi ba.

Kuma ba a yawan haɗa su ido da ido. Sau ɗaya na zaunar da su wuri guda, a wani sunan jariri a Sandamu, aka aje musu kwano ɗaya. Kowannensu ya san ko wane ne ɗan'uwansa, babu mai iya cewa komai a gaban jama'a. Mai Lalle ya tura wa Jamilu tsokar da ke gabansa ya ce, "Ci, yaro, aikinka da yawo." Har yau in na shiga tasha wani kan ɗaga murya ya ce mini, "Ci, yaro!"

Sai shekarar da ta zo mana da wuya. An fara shari'a a jiharmu, aka kuma yi ta samun rigingimu a wasu manyan garuruwa. A unguwarmu babu wanda ya taɓa kowa, amma 'yan'uwan Ifanyi na kudu suka matsa masa da saƙo, mahaifiyarsa ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ga jikokinta a gabanta. Wata safiya na ga mota a ƙofar shagonsa ana loda katifu. Ya tsallako ya ɗora mini makulli a tafin hannu.

"Ka riƙa buɗewa iska na shiga, kada ringina su yi tsatsa."

"Dama da tsatsarsu ka saro su. Yaushe za ka dawo?"

"Sai yadda Allah ya yi."

"To Mai Lalle fa?"

"Ka ba shi haƙuri. Kuma Sule, kada ka kashe mini shi ina nesa."

Muka yi dariya, motar ta tashi. Lokacin waya ba ta zama a hannun kowa ba, sunan ƙauyensu ma ban iya faɗarsa daidai ba.

Na ce a raina ai na daɗe ina jin yadda Mai Lalle ke tunani, zan iya ni kaɗai. Na zauna na rubuta littafi guda, ni ne Jamilu, ni ne Mai Lalle. Matsalar ita ce, duk tarkon da na ɗana na san inda yake, kuma ina son Jamilu ya ci. Ba tare da na lura ba sai na riƙa rufe wa Mai Lalle ido. Ya yarda da baƙon da bai sani ba. Ya fusata a kasuwa ya mari yaronsa. Har na sa shi ya kama Jamilu ya ɗaure, ya zauna yana zayyana masa duk shirinsa, maimakon ya yi tafiyarsa. A lokacin da nake rubutawa daɗi nake ji, don aikin na gudu babu mai tare ni.

Littafin bai yi sati a tasha ba Ɗan Asabe ya zo ya aje shi a kan kujerar babur ɗin da nake gyara.

"Malam Sule, wannan wane ne?"

"Mai Lalle mana."

"A'a. Sai dai in ƙaninsa ne wanda bai cika hankali ba. Mai Lallen da na sani zai mari yaro a kasuwa? Mutumin da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi?"

Mai shayin tasha ya ce masu haya na dawo da shi tun ba su kai tsakiya ba. Wata mata ta aiko mijinta musamman ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Abin da ban zata ba, Jamilu ma ya faɗi a idon mutane. Suka ce ai kowa ma zai iya kama wannan dattijon.

Da na je Kano, Alhaji Mudi ya nuna mini ƙullin littattafan a ƙasan kanta ko igiyar ba a kwance ba. Dama kasuwar littafi ta yi sanyi a shekarar, mutane na ɗari-ɗari da littattafan ƙage, wasu masu wa'azi na sukar su. Ya ce, "Sule, mu rufe wannan labari da mutunci. Ka kawo mini na ƙarshe, Jamilu ya kama shi, a hukunta shi. Yanzu abin da ake so a gani ke nan, mugu ya ga sakamakonsa. Ka kawo kafin azumi. In ba haka ba, akwai masu jiran wurin."

Na dawo na kama aikin. Ɓangaren Jamilu na sani, don haka na yi shi da kyau. Inna Tabawa ta gano ranar da kaya za su sauka. Jamilu ya bi sawu a hankali, ya kama direba, ya kama mai gadi, har ya rutsa Mai Lalle a cikin wani siton hatsi a kasuwar Mai'aduwa, ranar kasuwa, da hantsi. Siton ƙofa ɗaya gare shi, babu taga. Mutanen Jamilu biyu na tsaye a ƙofa cikin kayan gida, shi kuma ya zagaya baya yana tsaron bango kada a fasa. Suna jiran motar 'yan sanda daga Daura. Saura babi ɗaya.

Nan biro ya tsaya. Kama shi ba wuya, shafi biyu sun isa. Amma yanzu Mai Lalle ne ke da abin yi, kuma abin da Mai Lalle zai yi ba ni ke faɗa ba. Na riga na gwada na ga abin da ya fito. Na nemi hanyar fita da kaina, ta rufi, ta cikin buhu, ta cin hanci, duk wadda na kawo sai in ji muryar Ifanyi na cewa gidan mahaukata. Sai na rufe littafin na sa shi a akwatin sifanu.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Duk Juma'a da safe nakan buɗe shagon Ifanyi in kaɗe kanta, in bar ƙofa a buɗe har a kira salla. Wani ya zo ya ce in yi masa hanya ya karɓi shagon tunda mai shi ba zai dawo ba, na ce makulli aka ba ni, ba shago ba. Alhaji Mudi ya aiko direba, na ce saura kaɗan. Ya sake aikowa, na ce saura kaɗan. Da watan Sha'aban ya kama ya aiko cewa wannan ne saƙo na ƙarshe. Matata ta ce, "Kai dai ka kama tsohon nan kowa ya huta, ba mutum ba ne fa." Na ce na sani.

Wata safiya, ba ma Juma'a ba ce, na ɗago kai daga gyaran birki na ga mutum zaune a kan jaka a ƙofar shagon. Ya rame, ya yi baƙi. Na goge hannu na tsallaka.

"Oga Ifanyi, sannu da zuwa. Ina iyali?"

"Suna tafe bayan salla. Can cewa suke Hausata ta fi Ibona. Yarana kuma kullum kukan fura suke, uwata ta ce in kwashe su mu koma inda muka fito. Kawo makullina."

Ya buɗe, ya shafa kanta, ya duba yatsansa bai ga ƙura ba. Ya ɗauko ringi ɗaya ya ɗaga shi a haske. Sannan ba tare da ya juyo ba ya ce, "Ina ka bar shi?"

Na faɗa masa komai, har littafin da ya lalace, har maganar Alhaji Mudi. Na zayyana masa siton: ƙofa ɗaya, babu taga, mutum biyu a gaba, Jamilu a baya, mota na tafe.

"Tun yaushe yake ciki?"

"Tun farkon damina."

"Haba, Sule! Dattijo a cikin sito tun damina? Allah ya sa ka bar masa goro." Ya zauna. "Je ka yi aikinka, bari in gani."

Na koma gareji. Ina hangen sa yana jera kaya, yana tsayawa, yana kallon sama. Hantsi ya wuce bai ɗago hannu ba. Aka kira azahar. A layinmu masallacin ƙarami ne, sahu kan fito har bakin titi, kuma shekara da shekaru a ƙofar shagon Ifanyi ake shimfiɗa tabarmi, shi da kansa ke janye tayoyi don a samu wuri. Ni kuma kamar kullum baƙin mai ya riƙe ni wurin wanke hannu, kafin in gama alwala liman ya ɗago daga ruku'un farko. Na shiga sahu. Da liman ya yi sallama mutane suka fara miƙewa, ni na tashi cikon raka'ar da ta wuce ni. Ina idarwa na ji dariya daga cikin shago.

"Ya fita," in ji Ifanyi.

"Ta ina?"

"Ta ƙofa. Ranar kasuwa ka ce ko? A Mai'aduwa in an ta da azahar ranar kasuwa, ina sahu ke kaiwa?"

"Ko'ina. Har bakin rumfuna."

"Har bakin sito. Ana ta da iƙama zai buɗe ƙofa, taki ɗaya ya shiga sahu ya yi kabbara. Mutanenka biyu za su ja dattijo daga cikin salla a gaban 'yan kasuwa? Sai dai a kwashe su a buhu. Ɗaya zai ruga baya ya faɗa wa Jamilu. Kafin Jamilu ya zagayo, liman ya ɗago daga raka'ar farko. To me Jamilu zai yi, ya tsaya yana kallon mutane suna jam'i?"

"Zai shiga sahu. Kusa da shi ma, don ya riƙe shi."

"Madalla. Liman ya yi sallama. Mai Lalle ya gama tasa. Jamilu fa?"

Kafin in buɗe baki ya amsa da kansa.

"Jamilu zai tashi ciko, kamar wani bakanike da na sani. Kasuwa duka ta miƙe lokaci ɗaya. Mai Lalle ya ja rawani ya rufe gemu, ya bi Buzaye masu komawa da raƙuma. Sai dai ka sa Jamilu ya yanke salla ya bi shi."

"Ba zai yanke ba."

"Na sani. Mai Lalle ma ya sani."

Na ce, "Kai da ba ka salla, ina ka san ciko?"

"Shekara nawa ina zaune a nan ina kallon ƙeyarku? Kuma kullum kai ne mai tashi. Ka sa Mai Lalle ya aje wa Jamilu rabin goro a kan takalmi. Da hagu."

Ban rubuta ba sai da na kai wa Malam Haruna maganar, don lokacin ba na wasa da abin da ya shafi salla ba ne, kuma ni kaina ban so in yi saɓo ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce fakewa da sahu ba yau munafukai suka fara ba, in rubuta, amma in tabbata mai karatu ya gane sallar wa ce ta Allah a cikin su biyun. Haka na yi. Na tsaya a kan Jamilu yana cikon raka'arsa, yana jin takun mutumin da ya daɗe yana bi yana nisa, bai gaggauta ba, bai waiwaya ba.

Alhaji Mudi ya karanta babin a tsaye. Ya ce, "Na ce ka kama shi." Na ce, "Alhaji, na yi iyakar ƙoƙarina, ya fi ni dabara." Ya sake karantawa, ya yi tsaki, ya sa shi a jakar maɗaba'a. Bayan salla ƙarama Ɗan Asabe ya wuce ta gaban gareji, bai ko tsaya ba, ya leƙo ta taga ya yi ihu, "Ya dawo!" Ban san wanne yake nufi a cikinsu ba, don shagon ma a buɗe yake.

To ku masu rubutu a waya, ban ce dole sai kun nemo Ibo mai kayan gyara ba. Amma ku nemo wanda ba ya son jaruminku ya ci, ku ba shi mugun, kuma in ya kayar da ku ku yarda kun faɗi.

Yanzu gemun Ifanyi ya yi fari, nakan ce masa ya sa lalle ya ƙi. Ɗansa ne ke tsaye a kanta, shi yana zaune a kujera a bakin ƙofa. Littattafan takarda sun ja baya, Alhaji Mudi ya rasu, amma ina nan ina rubutawa, 'yata ke sa mini a waya. Saurayin nan da ya zo, da na gama ba shi labari ya ce, "To Baba, yaushe Jamilu zai kama shi?" Na ce ya biyo ni. Muka tsallaka titi, na tsaya a gaban kujerar na ce, "Oga, wannan karon na rutsa ka. Kana kan gada, gaba sojoji, baya Jamilu, ƙasa ruwa ya kawo."

Ifanyi ya dube ni, ya dubi saurayin, ya tura masa benci da ƙafa.

"Ranar wace kasuwa ce?" ya ce.